Idan Ban Manta Ba

Kwatas ɗin masaƙa ba ya nan yanzu. Wanda ya bi ta titin zai ga wata doguwar katanga mai farin fenti, manyan motoci suna shiga suna fita, ba zai taɓa cewa an yi layukan gidaje a wurin ba, masu ƙofofi iri ɗaya, da igiyoyin shanya daga wannan taga zuwa waccan. Auta tana firamare masaƙar ta tsaya. Jiniyar da ke tada mutane da safe ta yi shiru, aka ce kowa ya tashi, motocin kaya suka dinga zuwa suna kwashe gida ɗaya bayan ɗaya kamar ana cire haƙora. Wasu suka koma garuruwansu, wasu suka bi 'ya'yansu, wasu ma suka ƙetare ruwa.

Kawunta, wanda duk kwatas ke kira Mai Rediyo, bai yi nisa ba. Ya kama wani ɗan shago a bayan tashar mota ya ci gaba da gyaransa. Da rediyo ta fara ja da baya ya koyi gyaran waya, daga waya ya shiga kwamfuta, har wata rana ya buɗe dandalin hira a intanet ya sa masa suna Tsakar Gida. Ya dinga bin tsofaffin maƙwabta da kira, wanda bai iya shiga ba a nemi jikansa ya koya masa. Sannu a hankali sai ga kwatas ta sake taruwa a cikin waya. Ana gaisuwar safe, ana sanar da haihuwa da rasuwa, ana nema wa yaro aiki, ana tambayar maganin ciwon gwiwa. Ana kuma faɗa.

Faɗan da ya fi daɗewa shi ne na Direba da Sito. Direba shi ne ya tuƙa motar ma'aikata tun tana sabuwa har ta zama gwangwani. Sito kuwa shi ke riƙe da makullan ɗakin ajiya, har sunan ɗakin ya bi shi. Abin da suke wa faɗan famfo ne, famfon bakin get da duk kwatas ke ɗibar ruwa. Direba ya ce in ka shigo yana hannun damanka. Sito ya ce hagu. Kullum da safe, kafin ruwan shayi ya tafasa, sai ka ga:

"Sito, ka kwana lafiya? Kan naka ya buɗe ko har yanzu a kulle yake kamar sitonka? Dama ne."

"Lafiya lau, Direba. Mutumin da ya shekara da shekaru yana zuba mota a ramin bakin get shi zai koya min dama da hagu? Hagu ne, ko ka ƙi ko ka so."

Daga nan sai kowa ya shigo. Wata ta ce ita dai ta san a nan bokitinta ja ya ɓace kuma har yau ta san wadda ta ɗauka. Wani ya tuna ranar da famfon ya fashe yara suka yi wanka da kayan makaranta. Kafin azahar an tashi daga famfo an kai ga auren jikar wani, an sauka a kan farashin maganin hawan jini.

Auta tana karantawa kullum, amma ba ta taɓa rubuta abin da ya wuce "Amin" ba. Aikinta a ɗakin karatun wata kwaleji ne. Ita ke liƙa wa kowane littafi lamba ta kai shi kantarsa, kuma in ta ga an sa na lissafi a cikin na tarihi sai ta ji kamar tsakuwa a takalmi. Abu biyu take tsoro a duniya: a ce ta yi magana a taro, da a kama ta da kuskure.

Wata Asabar da yamma Kawu ya aika ta zo shago. Ta same shi zaune a kan tsohon bencin da ya taho da shi daga kwatas, mai tabon ƙuna a gefe inda ya saba ajiye ƙarfen liƙa dalma. Matarsa Inna, wadda ta yi aikin nas a asibitin masaƙa, tana tsaye tana kwashe kwanuka.

"Auta, zauna," in ji shi. "Likita ya ce yanar ido ce ta rufe min idanun duka biyu. Za a yi wa na dama aiki, in ya warke a yi na hagu. Kuma wai ba ni ba kallon waya sai ya ba ni izini."

"Allah ya sa a yi a sa'a, Kawu."

"Amin. Tsakar Gida zan bar miki."

Auta ta zaro ido. "Ni? Kawu, ni fa ko gaisuwa zan yi a wurin aiki sai bakina ya bushe."

"Wa ya ce ki yi wa'azi? Ki leƙa su da safe. Masu tallar maganin ƙarya in sun shigo ki kore su. In wani ya zagi uwar wani ki goge. Shi ke nan aikin."

"Karɓi, 'yar nan," in ji Inna. "Ko na samu ya ci abinci da zafinsa sau ɗaya kafin in mutu."

Kawu ya faɗa mata kalmar sirrin shiga, ya sa ta maimaita har ta zauna. Sannan ya ce, "Ki riƙe min su da kyau. Ranar da likita ya sake ni, su zan fara dubawa, kafin ma in dubi fuskar Innarki."

"Ai fuskar tawa ba ta yi kewarka ba," Inna ta ce, ta ɗora kwanukan a kai ta fita.

Da Auta ta shiga dandalin da idon mai kula da shi, sai ta ga abin da ba ta lura da shi ba a da. Wurin a hargitse yake. Sanarwar rasuwa tana nutse a ƙarƙashin barkwanci, mai neman aiki yana maƙale tsakanin hoton jariri da musun famfo. Abin da ya fi taɓa mata zuciya kuwa rubuce-rubucen Kawu ne. Kusan duk da jimla ɗaya suke farawa, "Idan ban manta ba," kuma kusan duk ya manta. "Idan ban manta ba, bishiyar ƙofar asibiti mangwaro ce." Dalbejiya ce, Auta ta sha hawa. "Idan ban manta ba, karen mai gadi fari ne." Baƙi ne wuluk, shi ya taɓa yaga mata siket. Ƙarƙashin kowane rubutu mutane sun yi masa caa, ana gyara masa ana yi masa dariya. Tausayinsa ya kama ta. Ashe tsufa ya daɗe da kama Kawu ba ta sani ba. Ta ƙudurta a ranta cewa in ya buɗe ido zai tarar da dandalin da ba wanda zai ji kunyarsa.

Ta zage damtse. Ta raba dandalin gida-gida: nan Gaisuwa, nan Sanarwa, nan Lafiya, nan Tarihin Kwatas. Ta rubuta ƙa'idoji cikin ladabi ta liƙa a sama. Duk rubutun da ya sauka inda bai dace ba ta ɗauke shi ta kai shi gidansa, ta bar wa mai shi ɗan saƙo mai taushi. Saura batun famfo, wanda ya yi tsawo har wayarta kan yi nishi kafin ta buɗe shi.

Ranar da aka yi wa Kawu aikin farko, Inna ta aike ta shago ta ɗauko masa ƙaramar rediyonsa. Tana laluben kanta sai idonta ya kai kan hoton da ke rataye sama da teburin aiki. Ta sha ganinsa, ba ta dai taɓa tsayawa ta dube shi ba. Ma'aikata ne jere a bakin get, an ɗauka daga titi. Rana ta cinye launinsa, komai ya koma kalar shayi. Ga Kawu da ƙuruciyarsa, rediyo a hammata. Ga hancin motar ma'aikata ya leƙo daga gefe. Can bayansu kuma, ta cikin get ɗin da ke buɗe, ga famfo tsaye da bokitai a gindinsa, a hannun hagu.

Murna ta cika ta. Ta ɗauki hoton hoton da wayarta, ta saka a dandali, ta rubuta: "Iyayena, barkanmu da rana. Ga hoto daga shagon Kawu. Famfo yana hannun hagu idan an shigo. Da wannan muka kawo ƙarshen wannan batu, an kuma kulle shi. Na gode."

Sito ya je sashen Gaisuwa ya rubuta, "Alhamdulillahi, gaskiya ta yi halinta." Direba ya rubuta, "To."

Washegari ba wanda ya tambayi wani ko kansa ya buɗe. Mutane suka shiga Gaisuwa suka ce "Ina kwana," aka ce musu "Lafiya," kowa ya kama gabansa. Wata dattijuwa da ake kira Maman Tagwaye ta gaisa, ta ƙara da cewa gwiwarta ta hana ta barci. Auta ta ɗauke rabin saƙon ta kai Lafiya, ta yi mata bayani. Maman Tagwaye ta amsa, "Yi haƙuri 'yata, ban san ba a nan ake faɗa ba." Daga ranar ba a sake ganin rubutunta ba.

Ba a watse rana ɗaya ba. Kamar ruwan randa mai tsaga ne, kullum in ka leƙa ya ragu kaɗan. Direba ya daina shigowa. Sito ya yi 'yan kwanaki yana gaisuwa shi kaɗai, sannan shi ma ya ɗauke ƙafa. Auta ta buɗe batun famfon da ta kulle, ba wanda ya leƙa, don me za a ce bayan hoto? Ta ƙirƙiro Tambayar Mako, ta zauna ta tsara ta da kyau: "Mene ne kuka fi kewa a rayuwar kwatas?" Aka ba ta amsa biyu. Ɗaya ta ce, "Allah ya yi albarka." Ɗaya ta ce, "Amin."

Da abin ya ishe ta sai ta yi ta maza ta kira Direba. Sai da wayar ta kusa tsinkewa ya ɗauka.

"Baba Direba, ina wuni? Auta ce, ta gidan Mai Rediyo."

"A'a, 'yata. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Baba, kwana biyu ba mu ganinka a dandali."

"Ina nan. Ai kin yi gaskiya, hagu ne. Na duba hoton da gilashina, na sake dubawa babu gilashi, hagu ne." Ya ɗan yi tari. Bayansa ba ta jin motsin komai, ko rediyo, ko kukan yaro. "To me ya rage in ce? Ki gaida Kawun naki."

A gida kuwa Kawu yana kishingiɗe a falo da baƙin gilashi, an riga an yi na hagun ma. Duk yamma in ta tashi aiki sai ta biya, shi kuma tambayarsa ɗaya ce: "Me 'yan rigimar nan suka ce yau? Karanto min." Ranar farko ta ce caji ya ƙare. Rana ta biyu ta ce intanet ba kyau. Daga nan dabara ta ƙare, sai ta koma can cikin tsofaffin rubuce-rubuce tana tsinto masa tana karantawa kamar na yau ne. Yana dariya har yana dafe ido, Inna tana yi masa tsawa kada ya ɓata aikin likita.

Wata yamma ta karanto: "Direba ya ce, 'Sito, in da ana ajiye hankali a sito, da kai ne za ka fara ɓatar da makullin.'"

Kawu bai yi dariya ba. Ya juyo da baƙin gilashin wajenta.

"Wannan zagin ai bara ya yi shi, lokacin da aka kwantar da Sito a asibiti. Direba ba ya maimaita zagi, abin alfaharinsa ke nan. Auta, me ya faru da gidana?"

Ta so ta ce ba komai, amma hawaye suka riga ta. Ta faɗa masa duka, da rabe-raben, da ƙa'idojin, da Maman Tagwaye, da hoton. Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu ta tsaya a bakin ƙofa.

Kawu ya saurare ta har ta gama. Sannan ya ce, "Hoton nan ni na buga masa ƙusa da hannuna. Duk sanda na ɗaga kai daga aiki shi nake gani."

"To Kawu, ka san hagu ne? Duk shekarun nan? Me ya sa ba ka nuna musu ba?"

"In na nuna musu da me za su karya kumallo?"

"Direba tun da matarsa ta rasu shi kaɗai ne a gidan nan," in ji Inna, muryarta ba zafi. "'Ya'yan duk sun yi nisa. Sito ne ke tashinsa da safe. Shi kuma Sito in ba Direba ya zage shi ba, ba ya yarda gari ya waye."

"Kawu, gaya min yadda zan yi."

"Ni makaho ne yanzu, a hannunki yake." Ya laluba ya kamo rediyonsa ya ɗora a ƙirji. "Ƙarshen makon nan za mu koma wurin likita."

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ta fi jin sauƙi.

Washegari da ta tashi aiki ba ta iya zuwa gidansu ba. Ƙafafunta suka kai ta shago. Ta buɗe, ta zauna a kan bencin, ta sa yatsa a tabon ƙunar. Shagon yana warin dalma da ƙura da tsohuwar roba, irin warin barandarsu ta kwatas, inda wannan bencin ya fara zama. Sai ga ta ƙarama, zaune a ƙasa da littafin karatu a cinya, jiniyar tashi ta buga, maza suna dawowa da auduga a gashin kai. Sukan zauna a bencin a gajiye, kowa ya yi jugum, ba mai ƙarfin buɗe baki. Kawu yana sunkuye kan cikin wata rediyo, hayaƙi siriri yana tashi daga bakin ƙarfensa. Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Auta, je ki ce wa Innarki ta ƙara ruwan shayi, ta kawo duk kofunan." Takan yi mamaki, don mutum uku ne a bencin kuma ba mai magana. Tana dawowa da kofuna sai ta ji shi yana cewa, "Idan ban manta ba, wasan jiya ai biyu da ɗaya aka tashi." Nan take benci ya kama da wuta. "Kai Mai Rediyo, rediyon taka ce ta lalace ko kunnen?" Na gidan gaba ya fito da tawul ɗin wanka a wuya, na layin baya ya tsallako magudana. Kafin magariba kofunan ba sa isa. Shi kuwa Kawu ba ya ƙara sa baki, yana can yana liƙa wayoyin rediyonsa, kumatunsa na motsi.

Auta ta miƙe zaune sosai. Kofunan yake fara aikawa a kawo, sannan ya manta. Ashe da gangan yake mantuwar.

Ta ɗaga kai ta dubi hoton. Ta dubi hancin motar da ya leƙo daga gefe, kalar shayi kamar komai. Ita ta san launin motar nan kamar yadda ta san sunanta. Shuɗiya ce, irin shuɗin sama bayan ruwa ya ɗauke.

A nan kan bencin ta rushe gidajen da ta gina. Ta mayar da Gaisuwa da Lafiya da Tarihi wuri guda, ta bar Sanarwa kaɗai a gefe don kada rasuwa ta sake nutsewa. Ta sauke ƙa'idojin ta bar guda ɗaya, ta Kawu, wadda ta hana zagin iyaye. Wannan duk mai sauƙi ne. Da safe, tana tsaye a bakin titi tana jiran mota, ta zo kan mai wuyar. Ta rubuta ta goge. Ta sake rubutawa ta ƙara "wataƙila," ta ga ya yi laushi, ta cire. Tun tana aji ɗaya ba ta taɓa ɗaga hannu ba sai ta tabbata da amsa, yau ga ta za ta tsaya gaban duk iyayenta ta faɗi abin da ta san ba haka ba ne. Motar ta tsaya, kwandasta yana buga ƙofa yana cewa, "Hajiya, za ki ko ba za ki ba?" Ta runtse ido ta danna.

"Iyayena, ina kwananku. Idan ban manta ba, motar ma'aikata koriya ce, kuma ba ta taɓa zuwa a kan lokaci ba."

A wurin aiki ta jefa wayar cikin aljihun tebur ta rufe. Ta liƙa lamba, ta jera, ta goge ƙura. Ta leƙa: ba komai. Ta taimaki wani ɗalibi ya nemo littafi, ta dawo ta leƙa: mutum fiye da goma sun gani, ba wanda ya tanka. Kunya ta lulluɓe ta. Wataƙila suna can suna cewa yarinyar nan bayan iyayi har da ƙarya. Ta yanke cewa in an tashi cin abinci za ta goge, ta je ta gaya wa Kawu cewa ta kashe masa gida.

Tana tura keken littattafai tsakanin kantoci ta ji wani gurnani daga wajen teburinta. Ya tsaya, ya sake. Sannan ya ci gaba ba ƙaƙƙautawa, aljihun tebur yana kaɗawa kamar an rufe ƙudan zuma a ciki. Shugabar ɗakin karatun ta sauke gilashinta ta nuna mata allon da aka rubuta a yi shiru. Auta ta fizgi wayar ta fita baranda.

Direba ne, da manyan baƙaƙe.

"KORIYA? Inna lillahi! Wace yarinya ce wannan da aka haifa jiya da yamma? Motata SHUƊIYA ce. Kuma jiniya ba ta taɓa bugawa ba ina waje. A tambayi kowa!"

Kowa kuwa ya zo. Na farko Sito.

"Direba, ashe kana da rai? Yarinya ta yi kuskure, kai ma ka yi. Ruwan toka ce. In ma akwai shuɗi yana can ƙarƙashin dauɗa, tunda ba ka taɓa wanke ta ba."

"Da wane ruwan zan wanke ta, kai ka kulle sabulu a sito kana jira ya haihu?"

"Batun lokaci kuwa gaskiyar 'yata ne," in ji Maman Tagwaye, kamar daga sama. "Ranar da naƙuda ta kama ni wannan motar muka jira, har Tagwaye suka gaji suka fito da kansu. Af, gwiwar nan fa har yanzu."

Wani ya ce a kawo hoto a raba gardama. Auta ta rubuta, "Hoton yana nan sama, Baba, ku duba da kanku." Suka duba. Direba ya ce ko makaho ya ga shuɗi a wurin. Sito ya ce shi toka yake gani. Wata daga ƙetare ta rantse akwai jan layi a gefe. Wani tsohon makaniki da bai taɓa rubutu ba tun da aka buɗe dandalin ya ce shi ya yi mata fenti da hannunsa, amma ba zai faɗa ba sai Direba ya amsa cewa shi ya karya madubin gefe.

Duk wanda ya shigo sai ya fara ta kan Auta. Aka ce karatun ya yi mata yawa. Aka ce gado ne, Kawunta ma haka kansa yake, kamar kwando. Tana tsaye a baranda fuskarta na zafi, tana karanta yadda manya ke yi mata wankin babban bargo, sai ta ji wani sauti ya kuɓuce mata. Dariya ce. Ta toshe baki da gefen mayafi, ta ƙi tsayawa.

Ranar komawa asibiti suka zauna a kan dogon bencin jira su uku, Kawu a tsakiya. Da suka shiga likita ya haska wannan ido ya haska wancan, ya sa shi ya karanta baƙaƙen bango har na ƙasa, ya ce to, an yarda ya duba waya, amma kaɗan-kaɗan. Ko ƙofa ba su kai ba Kawu ya miƙa hannu.

Auta ta ƙara girman rubutun ta ba shi. Ya tsaya a tsakiyar baranda, masu jinya suna kewaye shi, yana jan allon da babban yatsa. Ya yi ta ja. Wayar ta yi gurnani a hannunsa, ya ci gaba da ja, har ya kai can sama inda abin ya fara. Ya karanta, leɓunansa na motsi. Ya ɗago ya dube ta da sababbin idanunsa, masu ɗan ja a gefe.

"Koriya?"

"Idan ban manta ba, Kawu."

"Ke da kika kwana kina kuka sai an saya miki takalmi kalar motar Direba?"

Ta sunkuyar da kai. Kumatunsa suka fara motsi.

"Kalmar sirrin tana nan yadda ka bar ta," in ji ta. "In ka koma gida sai ka karɓi kayanka."

"Riƙe. Likita ya ce kaɗan-kaɗan, ba ki ji ba? Ni yanzu ɗan benci ne." Ya matso da wayar kusa da hanci, ya fara dannawa da yatsa ɗaya, a hankali, yana faɗa a fili. "Jama'a, na dawo. Idan... ban... manta... ba... rawaya ce."

"Malam," in ji Inna, ta riƙe ƙugu, "ga ni nan fa tsaye. Ko za a ɗan duba fuskar tawa a ga ko tana nan?"

"Ina zuwa," ya ce. Wayar ta riga ta fara kaɗawa a hannunsa. "Tsaya in ga me wannan ja'irin Direban zai ce."